Tsutsa a Kabad ɗin Dokta Lyimo

"Katako da aiki naka, gilashi nawa," in ji Dokta Lyimo.

Na ce, "Haƙoran robar da za ka yi min fa?"

"Na sama da na ƙasa duka. Ranar da ka kafa kabad ɗin a barandar nan, ranar zan gwada bakinka."

"A'a, Dokta. Ka gwada baki yau, in ɗauki zarto gobe. Na san ku mutanen kan dutse, alkawarin da wani ya yi muku kaɗai kuke riƙewa a ka."

Ya yi dariya har tabaraunsa ya zamo kan hanci. "Fundi Mwinyihija, da ka yi boko da tuni ka sayar da Tanga har da tekunta."

"Da na yi boko da ni ne ke cire haƙori, kai kana goge katako. Kawo hannu."

Muka tafa, ciniki ya faɗa.

Dokta Lyimo likitan haƙori ne, ya sauko daga garin Moshi na kan dutse ya kama shagon ƙasa a layinmu na Ngamiyani a garin Tanga, daura da rumfata ta kafinta, sana'ar da ta sa ake ce min Fundi, wato mai aikin hannu. Ya daɗe da buɗewa, amma ƙuda ya fi mutane shiga wurinsa. Mutanenmu ba sa zuwa wurin mai haƙori sai kunci ya kumbura ya rufe ido, kafin nan kanumfari ne da addu'a. Ni kuwa haƙoran da suka rage min ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Wasu na bar su a jiragen ruwan da na yi aiki ina saurayi, wasu rake ya ci, ɗaya kuma wani Bagirike ya karɓa a tashar jirgin Beira kan wata magana da ba ta shafi wannan labari ba.

A take ya zaunar da ni a kujerarsa. Ya kwaɓa wani abu mai danƙo, launin hoda, ya cika wani cokali mai faɗi, ya danna min a baki. Abin sanyi ƙalau, yana gangarawa maƙogwaro, yawu na bin gemuna. Na riƙe kujera ina kakari, shi kuwa yana cewa, "Yi numfashi ta hanci, tsoho, ba mutuwa za ka yi ba." Da ya zare, sai da ya yi ƙara irin ta ƙafar da aka ciro daga taɓo.

Daga nan ya jawo kwalaye daga ƙarƙashin gado ya buɗe, na ga abin da zan yi wa kabad. Bakunan mutane ne. In ya ɗauki shatin baki da abin nan mai danƙo, sai ya zuba farin simintin da ake ɗaure karaya da shi a asibiti, in ya bushe ya ɓamɓare, ga bakin mutum nan sak, da dasashi, da giɓi, da duk wani rami da ke cikin turamensa. Tun yana Moshi yake tara su. Akwai mai haƙora bisa haƙora kamar an zuba tsakuwa a kwano. Akwai wanda fiƙarsa ta fito ta gefe. Akwai na wata tsohuwa, dasashi zalla, da kututture guda a tsakiya. Na ga gawa a teku, na ga ƙafar da ta ruɓe, amma ban taɓa ganin abin da ya tayar min da zuciya kamar baki ba tare da fuska ba.

"Me za ka yi da waɗannan a bakin titi, Dokta?"

"Tsoro zan sayar, Fundi. Mutumin da ya ga bakin wani zai tuna da nasa."

Aikin ya fi yadda na zata. Kowane baki biyu ne, na sama da na ƙasa, kuma in ka haɗa saman wani da ƙasan wani ba za su zauna ba, sai su yi ta gocewa kamar miji da matar da ba sa shiri. Na goge gindin kowanne da takardar yashi har ya zauna daram, na yanka masa ɗan katako na zama, na haɗa sama da ƙasa ta baya da ɗan ƙarfen da ake sa wa murfin akwati. Dokta ya ce a bar su a buɗe, don haka na tokare kowanne da tsinke. Kabad ɗin kuwa na yi shi da katako mai kyau, hawa huɗu, da madubi a baya. Ya sa aka saka ƙwan lantarki a ciki, na huda 'yan ramuka a sama da baya don zafi ya riƙa fita.

Da muka jera su sai Dokta ya ja da baya ya karkata kai.

"Sun yi fari da yawa. Kamar kayan ado. Wa zai ji tsoron wannan? Ina son dasashi ya yi ja, rami ya yi baƙi."

Na gwada jan fentin da nake da shi. Bakin ya fito kamar motar kashe gobara. Na ce ya sayo fenti mai launin nama a kantin Indiyawa, ya ce ba shi ya haifi Indiyawa ba da zai ciyar da su.

A nan ne Bi Mwajabu ta sa baki. Ita ce mai suyar wainar shinkafa a lungun barandar, da wake da madarar kwakwa, da shayi mai citta. Tun kafin Dokta ya zo take nan, tun mijinta na da rai. Mai ginin ya ce zamanta yana hannun duk wanda ya kama shagon, saboda haka kullum da safe kofin shayi da waina mai zafi ke fara shiga wurin Dokta kafin kowa ya ci. Wannan lungun shi ne gonarta, da shi take ci da jikokin da 'yarta ta bar mata. Benci biyu gare ta, kuma duka suna fuskantar inda muka kafa kabad.

Ta ce, "Ku maza ba ku san launi ba. Dokta, bari in nuna maka."

Ta shiga kayanta ta fito da kwalbar jan ruwan zaƙin nan mai ƙanshin fure da muke zubawa a madara lokacin buɗe baki, ragowar azumi. Ta ɗiga a kan dasashin siminti. Simintin ya shanye, ya bar launi fayau. Sai ta ɗebo ƙullun waina a ludayi, ta zuba ruwan zaƙin, ta juya da yatsa, ta shafa. Wallahi ko ni sai da na matsa baya. Dasashi sak, har da ƙyallin yawu.

"Ramukan fa?" in ji Dokta, idonsa ya buɗe.

"Dabino. A kirɓa shi a cusa da tsinke."

"Bi Mwajabu, ke ce ya kamata a ba takardar shaida, ba ni ba!"

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Ranar har yamma muna zaune mu uku, ita tana kwaɓawa, ni ina shafawa da gashin kaza, Dokta yana cusa dabino. Babu wanda ya ga aibin abin a cikinmu. Mu da muke manna takardar bango da kokon rogo, me za mu gani a ciki?

Farkon abin, kowa ya ci riba. Masu keke suka riƙa tsayawa, 'yan dakon tashar jirgi suka cika bencin Bi Mwajabu, ana ci ana nuna bakuna da cokali. Mbaruku, wani ɗan dako mai ƙaton wuya da bakin da ba ya rufuwa, shi ne shugaban masu raɗa suna.

"Wancan na sama na surukata ne, na rantse. Ku dubi yadda ya buɗe, ko a kabad ba ta yi shiru ba."

"Na kusa da shi fa?"

"Wannan ai na Fundi ne! Ku duba, fili fetal kamar filin ƙwallo, ga masu tsaron gida nan biyu."

Na leƙa. Nawa ne kuwa. Dokta ya zuba biyu, ɗaya don aikinsa, ɗaya ya sa a hawa na biyu, ni da hannuna na shafa masa ja ban gane shi ba. Aka yi ta dariya har da buga benci. Na ce wa Mbaruku in an ɗauki nasa sai an sayo siminti buhu guda. Bi Mwajabu kuwa ƙullunta kan ƙare tun hantsi, har ta fara zancen sayen tanda ta biyu.

Sai damina ta sauka, irin tamu ta bakin teku, wadda ko gishiri narkewa yake a kwano. Kiyashi ne suka fara zuwa, layi guda daga bango zuwa ramukan baya. Dokta ya zagaye ƙafafun kabad da toka, suka biyo ta wayar lantarki. Bayansu gilashin ya fara gumi daga ciki. Jan dasashin ya koma ruwan ƙasa, ya yi tsami, wata fumfuna mai gashi-gashi, toka-toka da kore, ta tsiro a tsakanin haƙora. In ƙwan lantarkin ya ɗumama ciki, wani wari kan fito ta ramukan, kamar na tukunyar da aka manta da ita a bayan ɗaki. Ƙananan ƙudaje suka samu ƙofa. Kyankyasai suka tare a cikin bakunan, kowanne da ɗakinsa.

Wata safiya ina zaune a bencin, ina tsoma waina a shayi don ta yi laushi, Mbaruku na gefena da kwanon wake. Ya kai loma baki ke nan sai ya tsaya.

"Fundi, bakinka na motsi."

"Ci nake yi, dole ya motsa."

"Ba wannan ba. Wancan."

Na ɗaga kai. Gashin kyankyaso guda biyu ne suka leƙo ta giɓina suna kaɗawa. A bakin da ke ƙasa da shi kuwa, cikin ramin turmi inda Dokta ya cusa dabino, wani abu fari yana lanƙwashewa yana miƙewa. Ya fito ya faɗo kan katako. Wani ya biyo shi. Mbaruku ya dubi kwanonsa, waken fari-fari a cikin madarar kwakwa, ya miƙe da gudu, bai kai kwata ba ya amayar da komai a gaban tandar Bi Mwajabu.

Kafin azahar labari ya kai kasuwa. Amma ba labarin ƙazanta ne ya kai ba. Wata tsohuwa mai sayar da ganye ta zo ta manna fuska a gilashi, ta dafe ƙirji.

"Tsutsar haƙori! Kakata ta sha faɗa mana, ga ta yau na gani da idona. Tana cikin bakin mutum, da aka ɗauki shatin sai ƙwanta ya biyo."

Shi ke nan. Duk wanda turminsa ya taɓa yi masa zogi ya ji abu na motsi a ciki. Washegari layi ya fito daga ɗakin Dokta ya sauka baranda ya bi gefen titi, maza da mata, kowa da hannu a kunci. Har daga ƙauyukan hanyar Pangani ake zuwa a mota. Ba mai tambaya, shi kuma ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. In an ce, "Dokta, akwai ta a nawa?" sai ya leƙa ya girgiza kai ya ce, "Gara da ka zo yau."

Layin nan a gaban Bi Mwajabu yake wucewa, amma ba mai sayen ko waina ɗaya. Wa zai ci abu yana kallon tsutsa, ga masu fitowa suna tofar da jini da auduga a kwata? 'Yan dako suka koma wurin wata mai abinci a bakin tasha. Ta juya bencin biyu suka ba kabad baya, wari bai san gaba da baya ba. Ta rataya zani a tsakani, Dokta ya sa aka cire, wai yana tare wa mutane kallo. Ƙullunta ya riƙa kwana yana tsami, tana zubarwa.

Ta same ni a rumfa ina fiƙe ƙafar kujera. Ta rame, idonta ya faɗa.

"Fundi, kai ka ƙera abin nan. Ka yi masa magana, yana jin taka."

"Ke ma ai kin sa hannu."

"Na sa. Don ya bar ni in zauna na sa. Yanzu jikokina wainar jiya suke ci safe da rana, su ma sun fara ƙi. Ya buɗe a wanke kawai, ni zan wanke, ba sai ya taɓa ba."

Na ajiye aiki na tsallaka. Na tarar da shi yana wanke hannu, kwanon gefensa cike da haƙoran da ya cire tun safe, wasunsu lafiyayyu ƙalau, ko ɗigon baƙi babu.

"Dokta, kabad ɗin nan ya zama masai. Ba ni makulli in kwashe, in kankare, in shafa fenti na gaskiya. Aikin kyauta."

"Ka taɓa ganin wanda ya yanka saniyar da ake tatsa?"

"Kai da ni mun san daga dabino tsutsar nan ta fito."

"Ni na ce musu daga haƙori ta fito? Ka taɓa jin na faɗa?"

"Matar nan fa? Tun da ka zo take ba ka shayi."

"Shayin ma na ce ta daina kawowa, ƙudaje na faɗawa." Ya goge hannu, ya rage murya. "Af, tunda ka zo. Dabinon hawa na ƙasa ya ƙare, sun cinye. Ka tambaye ta ko da saura."

Na dube shi. Farar riga tas, gashi a taje, yana ƙanshin sabulu. A ranar na gane kabad ɗin ba shi ne abu mafi ƙazanta a barandar ba. Na tofar da yawu a kwanonsa na fito. Abin da na faɗa wa Bi Mwajabu shi ne ta nemi wani lungun tun da sauran mutunci. Ta ce ina? Kowace baranda a Ngamiyani da mai ita.

Ba ta nemi shawarata ba a kan abin da ta yi bayan haka. Da hantsi ne, layi ya kai bakin titi. Na hango ta ta sauke babbar butar shayi daga kan gawayi, tana tafasa, ta jawo benci ta hau. Na yi kira, "Bi Mwajabu, gilashi ne!" Ko ta ji ko ba ta ji ba, ta kafa bakin butar a ramukan sama ta tuttula.

Tururi ya cika kabad. Gilashin gaba ya yi ƙara ya tsage daga sama har ƙasa, ya zube. Hawan sama ya karye ya faɗa kan na ƙasa. Bakuna suka yi ta gangarowa baranda, suna buɗewa suna rufewa a kan ƙarafansu, ƙwas, ƙwas, kamar suna neman abin cizo. Wani ruwa mai kauri, ja-ja baƙi-baƙi, ya malalo da tsutsotsi suna iyo a ciki. Kyankyasai kuwa ban san kabad zai iya ɗaukar wannan yawa ba. Suka fito kamar an buɗe buhun gyaɗa, suka hau ƙafafun mutane, suka shiga zannuwa, mata na ihu suna tsalle. Mafi yawansu inda suka ji ƙanshi suka nufa. Suka faɗa robar ƙullu, suka faɗa tukunyar wake, wasu suka faɗa ramukan tanda suka soye a cikin mai, ƙafafu a sama. Bakin tsohuwar nan mai kututture guda ya mirgina ya tsaya a cikin tiren waina.

Bi Mwajabu na tsaye a kan benci da buta a hannu, tana kallon kayanta. Ba ta yi kuka ba. Dokta ya fito da abin cire haƙori a hannu, ya dubi ƙasa, ya dube ta.

"Kwashe kayanki. Yau."

"Dokta, don girman Allah..."

"Na bar miki kuɗin gilashi. Kada in sake ganin tandarki a nan."

Ni da Mbaruku muka taya ta ɗaure kaya a kan keke. Tandar sai da muka kankare ta da yashi, duk da haka ta ce ba za ta iya sake suya a cikinta ba, ta bar ta a bakin kwata.

To, ga yadda rabon ya kasance. Bi Mwajabu ta rasa lungu, ta rasa tanda, ta rasa suna. Ta gwada zama a tashar mota, yaran mota suka raɗa wa kayanta wainar tsutsa, ko baƙo ya miƙa hannu sai wani ya ja masa riga. Yanzu wanki take yi a gidajen mutane, jikokin an raba su ga dangi. Mutanen da suka bi layi sun rasa haƙoran da ba su yi musu laifin komai ba, kuma har gobe godiya suke yi. Dokta Lyimo kuwa, labarin da ya zaga gari shi ne tsutsar ta yi ƙarfi har ta fasa gilashi da kanta, saboda haka layinsa ya ƙaru, ya ɗauki mai taimaka masa, ya sayi mota. Ya aiko a yi masa sabon kabad, hawa shida, da gilashi mai kauri da raga a kan ramukan sama. Na ƙera masa, don ni kafinta ne, ba alƙali ba, amma na ce shafe-shafen ya yi da hannunsa. Ya kuwa iya. Dabinonsa a kwali yake saye.